Akussan Baba Cindo

Yanzu idan za a kai yaro makarantar kwana, sai a ba uwarsa doguwar takarda: faranti, cokali, kofi, har da kwaɗon kulle akwati. Mu da aka kai mu makarantar kwana ta bayan garin Gumel, 'yan shekaru kafin a sami mulkin kai, tabarma kawai muka riƙo. Abin cin abinci yana hannun Baba Cindo, kukun makaranta. Ku da kuka ci tuwonsa kun san shi, amma bari in tuna muku, don na ga wasunku sun fara mantuwa, ko ta tsufa ko ta ganganci.

Mutumin Ɗanzomo ne, mai yatsu shida a hannun dama, kuma ba ya rabuwa da muciyarsa. Da ita yake tuƙi, da ita yake dogarawa, da ita yake nuna wanda bai wanke hannu ba. Ko masallaci za shi, sai ya jingine ta kusa da takalmansa. Muka ce, "Baba, wa zai saci muciya da ba za ka bar ta a madafa ba?"

Ya ce, "Wanda ya san darajarta. Ku kam ba na zarginku."

Dukiyarsa ta gaske akussa ne na baƙin itace, guda goma sha biyu, kowane na yara biyar. Shi ke raba mu, ba Hedimasta ba, kuma ba ya haɗa 'yan gari ɗaya. Sai ya ɗauko na Gagarawa, ya haɗa da na Sule Tankarkar, ya ƙara na Maigatari, ya ce, "Ga danginka har ka bar nan." Dokarsa ɗaya ce: idan mutum ɗaya bai zo ba, babu mai sa hannu sai an san inda yake. Saboda haka ba a ɓata a makarantar nan. Kafin ka gama ɓuya kana kukan gida, mayunwata huɗu sun gano ka.

Ni da wani yaro Sale, ɗan Maigatari, muka yi dambe a makonmu na farko, saboda na yi masa dariya yana ce wa makaranta lakwal irin na mutanen Damagaram. Baba ya sa mu akushi ɗaya. Ya ɗora tsokar nama guda a tsakiya, ya ce, "Wanda ya fara ɗauka shi ne ƙaramin." Muka cinye tuwo tas muna hararar juna, nama na zaune. Baba ya zo ya ɗauke, ya jefa a baki.

"Kai, madalla! Don Allah gobe ma ku yi faɗa."

Ba mu sake ba.

Sai shekarar muguwar murar nan da ta zagaye duniya. Ta shigo mana ɗakin kwana, cikin mako guda tari ya fi karatu yawa. Aka rufe makaranta, malamai suka watse, iyayen da ke kusa suka kwashe nasu. Mu da muka kasa tashi aka bar mu a tabarma, kuma Baba kaɗai ya zauna da mu. Kunun tsamiya yake dama mana da citta da barkono, ya tallafo kan yaro ya ɗura masa yana zagi: "Sha, ɗan banza! Ni na ga marisuwa, murar zamanin yarintata da ta kwashe rabin unguwarmu. Wannan ai jikanyarta ce." Yawancinmu muka tashi. Sale bai tashi ba. Baba ne ya yi masa wanka.

Da aka buɗe makaranta, sai ga mota ta kawo akwatuna, ga duba-gari cikin kakinsa da takarda daga ofishin lafiya. Daga yau kowane yaro da farantinsa da cokalinsa, an buga musu lamba. Akussa kuwa a ƙone su. Kukun da ya saɓa, a sallame shi.

Baba ya juya cokali a hannu, ya ce, "Wannan fa?"

Duba-gari ya ce, "Na cin abinci ne, Baba."

"Ɗan nan, Allah ya ba kowa biyar, ni ya ƙara mini ɗaya. Ni za ka kawo wa na bakwai?"

"Ƙwayoyin cuta ne ke bin hannu su shiga kwano."

"To, lokacin da suke nan suna bin hannu, kai kana ina?"

"Ina ofis."

"Ka yi dabara. Ashe ba su san hanyar ofis ba."

Mu dai muna bayan danga muna toshe baki. Hedimasta ya yi gyaran murya ya ce an gama magana.

Ba a gama ba. Baba ya ce ya ƙone akussa, har ya nuna toka. Tokar murhu ce! Ya ɓoye su a ƙarƙashin ƙaiƙayi a tsohon rumbun bayan madafa. Kullum sai mu yi layi, ya zuba wa kowa a farantinsa a gaban malamin da ke aiki ranar. Malam na juya baya, mu zagaya bayan rumbu, mu juye a akushi, mu zauna biyar biyar. Cokulan kuwa ya kafa su a lambunsa, suna nuna inda ya shuka yakuwa. Wani ya ce, "Baba, ba ka tsoron doka?"

Ya ce, "Ta ce in zuba a faranti, na zuba. Ni makiyayin tuwo ne, da zan bi shi in ga inda ya kwana?"

Mu 'yan akushin Sale mun zama huɗu. Baba bai rage mana ko loma ba, kuma bai kawo wani ya cike gurbin ba.

Abin ya kai wata biyu. Sai wani ɗan aji ɗaya ya yi tari, tarin sanyi kawai, aka kai shi ɗakin shan magani. Aka tambaye shi lambar farantinsa, ya ce shi bai sani ba, shi ɗan akushi na uku ne. Washegari sai ga duba-gari.

Aka tara mu manyan aji a gaban madafa, ga akussa an fito da su an tsiba. Jarrabawar shiga makarantar gaba saura 'yan makonni. Hedimasta ya ce duk wanda ya ci a akushi da son ransa, a cire sunansa daga jarrabawar. Wanda aka tilasta wa kuwa ba shi da laifi. Ya bi mu ɗaya bayan ɗaya. Na farko ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba ne ya sa mu." Na biyu ya maimaita. Ni ne na shida, kuma bakin da ya sha kunun tsamiyar nan shi ya faɗa. Babu ko ɗaya da ya ce wani abu dabam. Kada wani ya zo yau ya ce mini shi ba ya nan. Ina tuna inda kowa ya tsaya.

Baba ya dube mu, ya dubi Hedimasta, ya ce, "Gaskiya suka faɗa, Malam. Yaran nan ba sa son tuwo, sai da duka suke ci."

Babu wanda ya yi dariya.

Duba-gari ya ce a zuba kananzir a cinna wuta. Baba ya daka tsalle. "Kananzir? A kan busasshen itace? Haba, ɓarnar ta yi yawa!" Ya ɗauko gatari da kansa ya faskare su, ya cusa a murhu, ya ɗora tukunya. Itacen da ya sha man miya shekara da shekaru, wuta ta kama shi kamar tana jira. Ya tuƙa tuwo, ya zuba wa kowa a farantinsa mai lamba, sannan ya juya ga duba-gari.

"Ka rubuta a takardarka, yau ma akushi ne ya ciyar da su."

Kafin la'asar ya naɗe tabarmarsa ya kama hanyar Ɗanzomo a ƙasa. Muna cikin aji muna hangen sa ta taga. Ba a hana mu fita ba, mu ne ba mu fita ba.

Na yi yawo bayan nan. Na ci shinkafa da kifi a Dakar, mu takwas a kwano ɗaya. Na zauna gaban tire a Omdurman. Na kuma ci dankali a Ingila, inda mutum zai kwana uku bai fito ba maƙwabcinsa bai sani ba. Na yi karatun da ya nuna mini duba-gari bai yi ƙarya ba, cuta tana bin hannu. Amma takardarsa ba ta faɗi wanda zai tallafo kan yaro in ya kwanta ba. Mu kuma muka ci jarrabawa, muka zama manya, wasunmu har da mota, kuma daga Gumel zuwa Ɗanzomo ba nisa. Ban je ba. Ku ma ba ku je ba. Labarin rasuwarsa sai bayan wata huɗu ya iso ni, daga bakin wani mai sayar da gyaɗa a tasha.

Tun daga ranar da aka faskare akussan nan, a makarantarmu ba a sake jiran kowa kafin a ci abinci ba. Yaro ya zo ko bai zo ba, sai dai a ga farantinsa a kife.

Allah ya jiƙan Baba Cindo, ya sanyaya makwancinsa, ya haɗa shi da Sale a inuwa ɗaya. Mu kuma da muka tsaya a layin nan, Allah ya sa ya yafe mana. Amin.