Igiyar Kunnen Ƙanena

Kwanan baya na ji wasu masu ilimi suna musu a rediyo a kan waya. Ɗaya ya ce kamfanoni ne ke sauraren abin da mutum ke faɗa, ɗayan ya ce a'a, gwamnati ce. Wata mata mai zaƙin murya ta ce kowa na da haƙƙin sirrinsa. Na kashe rediyon. Ni ban yi boko mai nisa ba, leƙa firamare kawai na yi aka maida ni gona. Amma abin da na sani game da sirrin waya ba a rediyo na ji shi ba, a gindin tsamiyar garinmu na gan shi.

Garin namu ƙauye ne a ƙasar Faskari, ba zan faɗi sunansa ba. Sabis bai taɓa zama a cikinsa zaman mutunci ba. Duk zaɓe 'yan siyasa kan zo da mota da lasifika su ce za su kafa mana ƙarfen sabis. Wani har ya sa aka auna fili bayan masallaci aka kafa turaku. Turakun na nan, awaki ake ɗaurewa. Daga baya aka ce kowa ya haɗa layinsa da lambar ɗan ƙasa, wai da haka za a kama ɓarayin daji. Muka kwashi jiki zuwa Funtuwa, muka yini a rana, aka ɗauki hoton fuska, aka dangwala yatsu. Ɓarawon da ya riƙa kiran maƙwabcina yana ciniki a kan ran ɗiyarsa bai dangwala komai ba, kuma muryarsa ta fi ta kowa fita tas. Can kuma aka yanke sabis ɗin gaba ɗaya na wani lokaci. Su suka ci gaba da shigowa abinsu, mu ne muka rasa yadda za mu gaya wa ƙauyen gaba cewa ga su nan tafe. Siyasar da na sani ke nan. In akwai wata, ba ta iso mu ba.

Da aka maido sabis, wuri ɗaya tak yake kamawa a duk garin: jikin wata tsohuwar tsamiya a bakin kasuwa, can sama, inda hannun dogon mutum ke kaiwa in ya yi ɗage. Kada a tambaye ni dalili. Mai caji ya dasa teburinsa a gindinta, ya bubbuga ƙusoshi a jikin itacen. Kowa ya ɗaura wa wayarsa zare, ya rataye ta a ƙusa, ya tafi sha'aninsa. In ta yi kuka, wanda ke kusa ya danna ya ƙwala wa mai ita kira. Kuma ba a sauko da ita, da ka sauko da ita ko taku guda magana ta katse. Sai dai a buɗe muryar, ka tsaya a ƙasa ka ɗaga kai kana ihu kamar mai kiran ɗan'uwansa daga kan rumbu.

To ina sirri a nan? Wanda surukinsa ya zage shi daga Zariya, mun ji. Wanda ɗansa ya faɗi jarrabawa, mun ji. Akwai wani mahauci da matarsa ta yi yaji zuwa Ruwan Godiya, kullum yana ƙarƙashin ƙusa yana lallashi, mu muna kan benci muna tayawa.

"Ka ce mata ka daina!" in ji mai caji.

"Na daina me?"

"Ko me ne, ka ce ka daina. Mata ba su son jin dalili."

Ita kuma daga can sama ta ce, "Ina jin ka, mai caji. Kai ma taka na nan tafe, na gan ta tana ɗaure kaya."

Muka yi ta dariya har da riƙe ciki. Haka muke. Ba wanda ya ɗauke shi tonon asiri, tunda ba wanda ya fi wani. Kuma ba tare da an zauna an yanke ba, abin ya zama kamar doka. Zamani ne na infoma, masu tsegunta wa ɓarayi wane ya sayar da shanu, wace hanya ce ba kowa. Wanda ya yi maganarsa a gaban jama'a ya wanke kansa.

Ƙanena uwa ɗaya uba ɗaya shi ne ya karya wannan doka, bai kuma san ya karya ba. Mutum ne marar hayaniya, noma da gyaran keke. Matarsa na yin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa a cikin gida, rabin garin a wurinta ake saye. Ta yi wata doguwar naƙuda a damina, hanya ba ta biyuwa saboda ɓarayi, kafin a kai ta asibiti ɗan ya mutu a ciki. Bayan ta dawo ta daina zuwa biki da suna. Aka ce ƙafa ce ke damun ta. Muka ce Allah ya sawwaƙe.

Wata ranar kasuwa ya dawo daga Funtuwa da igiyar nan da ake sa wa a kunne, iyafis. Igiyar gajera ce, ba ta isowa ƙasa daga ƙusa, sai ya mirgino wani fasasshen turmi ya kife, ya hau kai, ya juya mana baya. Ba ma jin na can, shi ma ba ma jin sa sosai. "E." "A'a." "To." Sai ya sauko ya naɗe igiyarsa ya sa aljihu.

Da farko tsiya aka yi masa.

"Ranka ya daɗe, direban jirgin sama, yaushe za mu tashi?"

"Halan amarya ce ake nema a ɓoye?"

Ya yi murmushi kawai. Na same shi a gona na ce, "Kai, cire abin nan daga kunnenka. Mutane sun fara kallo."

Ya ce, "Yaya, ba abin da nake yi."

"Na sani. Amma da wa kake magana?"

Ya sunkuya ya ci gaba da shema, yana kankare ciyawa da fartanya. Na ce a raina yaro ya girma, na ƙyale shi.

Da kaka ta yi, wata rana 'yan sa-kan garinmu suka raka motar hatsi zuwa wajen Sabuwa. Ba a shelanta tafiyar ba. Hantsi bai gama dubawa ba sai ga babura daga yamma, kowane da mutum biyu ko uku, kai tsaye zuwa gonakin fadama inda ake yankan dawa. Ba su tambayi kowa komai ba. Wanda ya ruga suka harbe, wanda ya tsaya suka sare. Suka cinna wa dammunan dawa wuta, suka kora shanu, suka tafi da mata. Ni ina cikin wani kwazazzabo, fuskata a cikin laka, ina jin wani dattijo da na sani tun ina yaro yana salati har muryarsa ta ɗauke. Da muka fito ɗaukar gawa, akwai wanda sai da rigarsa muka gane shi.

Cikin waɗanda muka binne har da ɗan farin kwamandan 'yan sa-kai. Na faɗi wannan don kada a ce kwamandan dabba ne. Ya dawo daga rakiya ya tarar ana haƙa kabarin ɗansa. Bai yi kuka ba. Abu ɗaya ya riƙa maimaitawa: "Wa ya gaya masu ba mu nan?"

Ban san bakin da ya fara ambaton igiyar ba. Washegari bayan azahar na ji ihu daga kasuwa. Na tarar sun ɗaure ƙanena a jikin tsamiyar, hannuwansa a baya, sun yaga masa riga. Gari ya cika, har waɗanda ya gyara wa keke kyauta.

Kwamanda ya ɗaga igiyar sama. "Da wa kake magana da wannan?"

"Ba da ɓarayi ba ne. Na rantse da Allah."

"Ban tambaye ka wanda ba shi ba ne. Da wa?"

Aka sauke wa ƙanena gora a haƙarƙari, na ji ƙarar kamar an taka busasshen kara. Aka ƙara. Wani ya kawo dorina. Na kutsa ina cewa ku tsaya, ɗan uwata ne, na san shi. Wani ya juyo da gindin bindiga ya ba ni a baki. Haƙoran gaba da ba ni da su yau, a wurin na tofar da su.

Na rarrafa har gaban ƙanena. Jini na bin gemunsa, ido ɗaya ya rufe.

"Don girman Allah ka faɗa masu. Ko mace ce, faɗi. Ko caca ce, faɗi. Kashe ka za su yi."

Ya ce, "Yaya, ba maganar kasuwa ba ce."

Suka kwance hannunsa na dama suka ɗora a kan turmin nan da yake hawa. Kwamanda ya ce, "Wannan ne ke danna masu lamba ko?" Ya sa taɓarya. Ba zan kwatanta ba. Na taɓa ganin an fasa kan rago, ban taɓa jin namiji ya yi irin wannan ƙara ba. Wani ya tafi neman fetur.

Liman ne ya ratso, tsoho, yana dogara sanda. Ya ce, "Kai ɗana, an kashe maka ɗa, mun sani, mu muka yi masa salla. Amma kafin ka ɗauki rai, ga wayar, ga ƙusa. A kira wanda yake kira mana, kowa ya ji."

Jama'a suka ce haka ne, Malam ya yi gaskiya. Ni ma na ji sanyi. Sai ƙanena, wanda aka farfasa wa yatsu bai roƙi kowa ba, ya fara roƙo.

"Baba Liman, kada a kira. Don Allah kada a kira. Ku ƙarasa ni, na yafe."

"Kun ji ko?" in ji kwamanda. "Kun ji munafuki?"

Wallahi a lokacin har ni sai da zuciyata ta yi rawa.

Mai caji ya hau benci, ya rataye wayar, ya danna lambar da aka fi kira, ya buɗe muryar. Wayar ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Mai fetur ya iso da galan. Aka sake dannawa.

Mace ce ta ɗauka, da hayaniyar mutane a bayanta. Ma'aikaciyar asibiti ce, kuma ta san lambar.

"Malam, ina wuni? Yanzu nake cewa zan neme ka. Ya jikin maiɗakin naka? Har yanzu fitsarin na zuba dare da rana? Ka ce mata ta daina ƙin shan ruwa, shi ke ƙara warin da ƙunar. Ta riƙa canza tsumman akai-akai. Likitan yoyon fitsari zai zo bayan salla, ka kawo ta a ɗinke. Kuma ta daina kukan nan, ba ita kaɗai ba ce. Malam? Kana ji na?"

Ta yi ta cewa halo, halo, a saman kawunanmu, har ta gaji ta kashe.

Ƙanena ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa. Mutane suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, kowa na kallon ƙasa. Kwamanda ya tsaya da taɓarya a hannu, ya ce, "To me ya hana ka faɗa?" Ya jefar da ita ya tafi. Iyakar haƙurin da aka ba mu ke nan. Wanda ya tsegunta wa ɓarayi kuwa, har yau ba a san shi ba. Wataƙila yana cikin masu dukan.

Ni da mai caji muka ɗauke shi a kan ƙyauren shago zuwa gida. Labari ya riga mu isa. Matarsa na tsaye a bayan zana, ba ta fito ba, kasancewar ni yayan miji ne. Ta leƙo ta ga hannun. Ta daɗe tana kallo.

Ta ce, "Yaya, da ya faɗa masu tun gorar farko. Ni wari nake yi, ba mutuwa na yi ba. Da wane hannun zai yi noma?"

Shi dai yana kwance yana cewa, "Ki yafe mani. Na hana su, ba su ji ba."

Mai ɗori ya yi iya yinsa. Yatsun suka haɗe a murɗe, ba sa riƙe fartanya, ba sa riƙe sifana. Mata suka riƙa zuwa dubiya, suna zama nesa da tabarmarta, suna shaƙar iska a hankali. Ba wadda ta faɗi baƙar magana. Ƙuli-ƙuli ne dai aka daina aikowa a saya. Ta soya ya kwantai, ta sake soyawa ya kwantai, ta kife kaskon.

Bayan salla suka haɗa kaya, wai za su asibiti, amma har da tukwane da akurkin kaji, kowa ya san ba dawowa za su yi ba. Motar hatsi ce za ta kai su Funtuwa, a bakin kasuwa take lodi, ranar kuma kasuwa ce ke ci. Na ce su bari mota ta fita gari na kai su bakin hanya a babur, ba sai an gan su ba.

Ta ce a'a.

Ta fito da rana tsaka, karo na farko tun haihuwar, ta ratsa cikin kasuwa tana tafiya a hankali, mijinta na biye da hannu a rataye. Ta hau bayan motar. Ta ciro babbar leda daga jakarta, ta warware ta a gaban kowa, ta shimfiɗa a kan buhun masara don kada ta ɓata wa mai kaya kayansa, ta zauna a kai. Sannan ta miƙo hannu ta jawo shi sama.