Wutsiyar Ayarin Kawu

Tun da abin ya faru ban sake hawa babur ba. In zan je kasuwar Kejetia sai in tsaya jiran motar haya, trotro, ko da rana za ta dafa ni, kuma in wani ya tayar da babur a bayana ba zato, sai in matsa gefe in dafa bango.

Kawuna, wan mahaifiyata, shi ne shugaban wani ayarin masu babura a zangonmu. Ba 'yan haya ba ne. Akwai tela, akwai makaniki, akwai masu shago a unguwar Adum, kowa da sana'arsa. In an yi ɗaurin aure ko suna ko rasuwa a wani gari, sai su wanke baburansu su jeru su tafi tare. Jerin nasu kuwa yana da doka, wadda Kawu ya ce haka kakanninmu suka zo da ita daga Nijar: babba a gaba, mai bi masa a bayansa, har a kai kan ƙarami. Ƙaramin shi ake kira wutsiya. Ba ka wuce wanda ya girme ka ko da naka ya fi nasa gudu. In ka yi, ƙararka za ta riga ka isa gida. Yayana shi ne wutsiya. Mijina ya girme shi da kaɗan, don haka shi ne a gabansa.

Ranar, ƙawata ta makaranta ake aurarwa a zangon Techiman. Mijina ya ɗaure kulolin abinci a bayansa har sun fi kansa tsawo, babu wurin zamana. Yaya ya ce, "Zo ki hau nan. Amma in kika fara surutun nan naki, a Offinso zan sauke ki, ki zauna ki sayar da lemu."

Na ce, "Kai ma ai ka san ba ka iya tafiya ba ni."

Mun yi nisa, hantsi ya ɗaga, muka shiga wata kwana da ruwan sama ya zuba wa yashi. Ban san yadda aka yi ba. Na ji tayar baya ta zame, sai na gan ni cikin ciyawa, bakina cike da ƙasa. Yaya ya bugu da bakin kwalbati. Da na ɗaga kai, abin da na gani shi ne kulolin mijina suna shan kwana, suna ƙanƙancewa, har suka ɓace. Na yi ihu har muryata ta dushe. Ba wanda ya waiwayo. Kowa idonsa na kan wanda yake gabansa, mijina kuma kaya sun tare masa madubi. Wayata ta farfashe, ta Yaya ban ma gan ta ba.

Wasu mata masu dawowa daga gona suka tare mana motar tumatir. A bayanta na ɗora kan Yaya a cinyata. Da farko yana magana. Ya ce, "Sun juyo?" Na ce, "Suna zuwa, Yaya." Ya sake tambaya, na sake ba shi wannan amsar. Kafin mu kai asibiti ya daina tambaya. Su Kawu kuwa sai da suka tsaya shan mai a bakin Techiman sannan suka lura babu wutsiya.

Mahaifiyata ta ce kwanansa ne ya ƙare, kuma na san haka ne. Amma bayan sadakar arba'in, da aka ce ayari zai koma hanya, sai na tuna wanda ya zama ƙarami yanzu. Mijina ne. Na roƙe shi ya bari, na yi kuka, na ƙi cin abinci. Ya ce, "In na bari, za a ce na gudu ne don ni ne ban waiwaya ba. Ki bar ni da abin da nake ji."

Sai ga Kawu wata safiya. Ya zauna a tabarma ya ce an ba shi labarin wata na'ura da ake maƙalawa a hular kwano, intakom, masu tafiya su riƙa jin juna suna bisa hanya. Ya ce, "Ɗiyata, ke kika yi sakandare. Ki raka mu Adum ki karanta mana abin da ke jikin kwalin, kada a sayar mana da gaibu."

Shi da mijina suka tafi a babur, ni na bi su a trotro.

Mai shagon wata dattijuwa ce 'yar Asante, Hausarta irin ta kasuwa. Da ta ji dalilin zuwanmu sai ta riƙe hannuna ta ce, "Due, yarinya na, due," wato ta'aziyya ke nan a yarensu. Ta ɗauko kwali biyu ta ajiye.

Ta ce, "Wannan kamar igiya ne. Na ɗaya ya kama na biyu, na biyu ya kama na uku. In na tsakiya ya yanke, duk na baya ya ɓata."

Kawu ya gyaɗa kai. "Ai mu ma haka muke tafiya. Babba ya gaya wa mai bi masa."

"Alhaji, ka ji ƙarshen magana kuwa? Na ce na baya ya ɓata." Ta tura ɗaya kwalin gabansa. "Wannan kamar raga ne. Kowa yana ji kowa. In ɗaya ya fita ya dawo, shi da kansa yana kama."

Na tambaye ta ko sai an danna wani abu kafin a yi magana, domin wanda ya faɗi ba ya danna komai. Ta ce na ragar a buɗe yake, ko tari ka yi za a ji. Na juya kwalin. A gaba an rubuta nisan da yake kaiwa da manyan baƙaƙe. A baya kuma, da ƙananan da sai ka ƙura ido, an ce wannan nisan sai a fili, inda babu tudu, babu itatuwa, babu gini. Na karanta musu. Hanyar Techiman kuwa tudu ce da kwana da daji.

Matar ta ce mu gwada. Ta maƙala ɗaya a hular mijina, ɗaya a wata sabuwar hula, ta miƙo mini. Ban sa hular kwano ba tun ranar. Da ta rufe mini kunnuwa sai na ji numfashina yana dawo mini, gumi ya keto. Mijina ya fita da ƙafa ya nufi wajen Kejetia, ya shige cikin mutane.

"Kina jina?" Muryarsa ta shigo kamar yana tsaye a kafaɗata.

"Ina ji."

"Ga mai soyayyar ayaba nan. In sayo miki, ko har yanzu kina fushi da abinci?"

"Ka dai yi ta magana."

"Me zan ce? Mutane sai kallona suke, mutum da hular kwano ba babur. Wata ma ta ce ko sace mini aka yi." Ya yi dariya. "Yanzu zan sha kwanar nan ta wajen masu..."

Maganar ta tsinke, ta dawo guntu-guntu, sai shuuu. Na kira shi. Shuuu. Na sake kira, kuma ban san da ƙarfi nake yi ba sai da na ga masu shagon kusa sun leƙo. Matar ce ta cire mini hular, ta zaunar da ni a benci, ta ba ni ruwa. Can sai ga mijina ya dawo da ayabarsa a takarda, ya gan ni, dariyar ta ɗauke.

Na durƙusa a gaban Kawu, a cikin shagon, mutane na gani. Na ce, "Kawu, ku gafarce ni. Abin nan yana da kyau, ku saya. Amma wanda ya faɗi yana wuri ɗaya ne, ku kuma kuna gudu. Kafin ya buɗe baki kun sha kwana."

"To me kike so a yi?"

"A daina sa ƙarami a wutsiya. A sa wanda in ya ɓace, nan take kowa zai sani."

Mijina ya ce, "Ke! Da Kawu fa kike magana."

Kawu ya daɗe yana kallon kwalayen, sannan ya nuna na ragar ya ce a haɗa musu. Ko sallama bai yi mini ba da zai tafi. Na koma gida ina ganin na ɓata da shi ke nan, kuma ban tsirar da kowa ba.

Tafiya ta gaba ta'aziyya ce, a Techiman ɗin dai. Na tsaya a ƙofar gida ina kallo suna jeruwa, kowa da sabuwar na'ura a gefen hularsa, mijina can ƙarshe. Sai Kawu ya sauko, ya turo babur ɗinsa da hannu, ya wuce su ɗaya bayan ɗaya, ya tsaya a bayan mijina. Telan da ke bi masa a shekaru ya ce, "Alhaji, wa zai shiga gabanka?"

Kawu ya ce, "Duk wanda ba zai iya ba, ya koma gida ya taya matarsa tuƙa tuwo."

Suka tashi a hankali kamar masu tafiya kan ƙwai, kowa na jin nauyin ba shi baya.

Kafin magariba mijina ya dawo lafiya. Ya zauna bai cire takalmi ba. Ya ce da suka iso kwanar nan, Kawu ya manta abin a buɗe yake. Suka ji shi yana salati, sannan ya kira Yaya da sunan da yake kiransa tun yana goye, sannan kuka, irin na babban mutum da bai saba ba. Duk ayarin yana ji a cikin kunnensa. Ba wanda ya yi ko tari har suka shiga gari. Da suka sauka kuma ba wanda ya gaya masa.

Tun daga ranar Kawu ne wutsiya, ya ce kuma shi ke nan har ya daina hawa. Idonsa na hagu yana da yana, ba ya ganin yashi a kan kwalta sai ya zo dab. Mijina ya ce su duka suna jan shi da hira a hanya don su riƙa jin muryarsa, shi kuma yana ce musu su rufe masa baki.

Ran nan na je gidanmu na tarar da mahaifiyata tana tsintar shinkafa. Ranar tafiya ce, ayari ya fita tun safe. Ba ta ɗago ba ta ce, "An ce ke kika sa yayana ya koma baya."

Na ce, "Ni ce, Inna."

Ta ci gaba da tsinta. Na jawo kujera na zauna kusa da ita, na sa hannu a tiren, muka yi ta tsinta muna sauraron titi.