Gwaggo ta goga munduwarta

Ranar da gwajina ya yi, rawa na taka a ɗakin gwaje-gwaje da farar riga a jikina. Ina digiri na biyu a lokacin. Aikina haɗa wani garin ƙarfen tutiya ne da ake sirka masa 'yar azurfa, mai ƙwayoyi ƙanana ƙwarai, nano muke ce musu. Sai in zuba shi a kan ƙwayoyin ciwon daji da muke reno a faranti, in jira. Na daɗe ina zubawa suna ƙiba abinsu. Ran nan na leƙa na'ura na ga sun yamutse sun mutu.

Da wannan zumuɗin na hau motar Minjibir. Kaka ce, na tarar da matan gidanmu a tsakar gida suna ɓarar gyaɗa. Ni dama Allah ya yi ni da baki, ko mayafi ban cire ba na fara zuba.

"Gari kamar na tuwo?" in ji Inna.

"Ya fi kwalli laushi nesa ba kusa ba, Inna."

Matar yayana ta ce ikon Allah, yarinyar da ba ta iya tankaɗe ba yau ita ce mai niƙa azurfa. Aka yi ta dariya, ni kuwa sai ƙara gishiri nake, ina kwatanta yadda ƙwayoyin suka sheƙa barzahu. Gwaggo, yayar Baba, wadda ita ce sarauniyar tsokana a gidan, tambaya ɗaya kawai ta yi.

"Azurfa kika ce, 'yar nan? Irin ta munduwa?"

Na ce ita fa.

Washegari da hantsi na ji ƙarar guga a bayan rumbu. Na zagaya, sai ga Gwaggo durƙushe gaban dutsen niƙa, tana goga munduwar azurfar da ta gada a wurin kakarmu. Tana ɗiga ruwa tana gogawa, yadda ake goga saiwa a ba yaro mai ciwon ciki, tana kwashe ruwan toka-toka a ƙoƙo. Na yi dariya har sai da na zauna a ƙasa. Ita ma ta taya ni.

"Ba ke kika ce sai ta yi laushi ba? Karɓi ki taya ni, hannuna ya gaji."

"Wa za a ba, Gwaggo? Akuya?"

Ta waiga hagu da dama. Sannan ta kama hannuna ta cusa cikin rigarta ta ɗora a kan nononta na hagu. Wani ƙullutu na ji, mai tauri, kamar goro. Na daina dariya, tsoro ya kama ni sosai.

Tun farkon damina ta ji shi, ba ta gaya wa kowa ba, don ta ji an ce asibiti yanka suke yi. "Sai ga ki da magani a baki," in ji ta.

Na zauna kusa da ita na ba ta labarin ɗaya farantin, mai ƙwayoyin jikin mutum masu lafiya. In na ƙara garin kaɗan su ma mutuwa suke yi. Ko ɓera ba a ba shi ba tukuna, balle mutum. Wannan ruwan ƙoƙon kuma ba abin da zai yi wa ƙullutun.

"Wato makaho ne garin naki, bai san na gida ba," ta ce. "To ke me kika iya?"

"Na san hanyar asibiti, Gwaggo."

Ta yi ta juya munduwar, gefe guda duk ya cinye. Daga baya ta yarda, da sharaɗin kada Baba ya ji. Muka ce wa mutanen gida birni za ta bi ni ta ga inda nake aiki. Nan fa gida ya kaure. Aka ara mata mayafi, aka shafa mata turare, Inna ta ƙulla gyaɗa a kai wa malamina, matar yayana har da guɗa ta raka mu bakin hanya.

A mota Gwaggo ta dawo Gwaggonta. Ta sanar da kowa cewa 'yarta ta kashe ciwon daji a faranti, saura a koya wa maganin gane mutane. Wani dattijo ya tambaye ni ko ina da na basir. Motar duka dariya take, ni ma ina yi. A ƙarƙashin mayafi kuwa hannunta na damƙe da nawa, sai gumi yake.

Likitar da ta duba ta mace ce. Ta ce za a ɗebi ɗan kaɗan a gwada kafin a san ko mene ne, kuma gara da muka zo yanzu. Gwaggo ta yi godiya, ta tsokani nas a kan takalminta. Da suka fita suka bar mu, ta kwanta tana kallon sama.

"Kira min ƙanena," ta ce. "Ki ce masa ya zo, tsoro nake ji."