Mahauci a Layin Gwajin Sukari

A layin gwajin sukari akwai wani mahauci, ƙato, hannayensa duk tabon wuƙa. Mutumin da ke kayar da bijimi, ga shi yana runtse ido saboda 'yar allura. Yana ta murza yatsunsa kamar ba nasa ba. Da gani sukari ya fara kashe masa jinsu, kuma da su yake ciyar da gida.

"'Yata, tun shekaranjiya ban ɗanɗana zaƙi ba," in ji shi ga nas, har da ɗaga kai.

Nas ɗin ta yi murmushi. "Baba, wannan gwajin asirin wata uku yake tonawa."

Sai ya sunkuya, ya rage murya. "To rubuta gaskiya, shayina cokali biyar ne. Zan bari. Ki dai ceto min hannun."