Kuncin Baba da Bangon Toranke

Zamanin Turawa, shekarar da En'e ta ce a gina ɗakin shan magani a Toranke, ni aka damƙa wa aikin. Na daɗe ina ɗora tubali a ƙarƙashin wasu, amma ban taɓa shugabantar gini ba. Kowa ya sani, in soron nan ya rufta, daga ni har sunana mun tafi, sai dai in koma ƙauyenmu Gafasa in rungumi fartanya.

Bango ya tashi lafiya lau. Inda gizo ke saƙar shi ne bakan da zai ɗauki rufi. Azara ake jerawa hawa-hawa, a ɗaure, a shafe da ƙasa, kuma ba a ɗora na sama sai na ƙasa ya bushe har ciki. Ga hadari ya fara leƙowa daga gabas, ga dogarin hakimi kullum yana kaina, wai Di'o zai zo rangadi. Ni kuwa da ma akwai gaggawa. Na duba, na ga ƙasa ta yi fari, na ce gobe a hau.

Washegari sai ga Baba a kan jakinsa. Shi ne babban maginin Gaya, a lokacin yana riƙe da aikin masallaci a Kademi. Al'adarsu ce, masu riƙe da gini su riƙa leƙa aikin juna ba tare da an kira su ba. Na durƙusa na gaishe shi.

"Kai ɗan nan, ka gaishe ni, ka gaida bangonka kuwa?"

Na ɗauka zolaya ce. Sai na ga tsohon nan ya ture hula, ya manna kuncinsa a gindin bakan, gefen da rana ba ta bugu, ya lumshe ido kamar mai sauraron gulma. Leburori suka ƙunshe dariya. Ya yafito ni, na manna nawa.

"Me ka ji?"

"Ɗan sanyi-sanyi, Baba."

Ya ja ni zauren mai gari, tsohon gini tun na kakanni, ya ce in manna. Babu wannan sanyin ko kaɗan. Muka koma nawa, muka sake komawa zaure, har mata suka fara leƙenmu ta kan danga. Wallahi kunya ta kama ni, amma a zuwa na ƙarshe fatata ta gane abin da baki bai iya faɗa mini ba. Ashe farin nan na waje ne kawai, ciki ɗanye shar!

Da dogari ya zo da faɗansa, Baba ya tare shi. "Je ka gaya wa hakimi ni na tsayar da aikin. In da hukunci, gidana ba ɓoyayye ba ne." Irin mutumin ke nan, Allah ya jiƙansa. Ban ga na biyunsa ba.

Bayan 'yan kwanaki ya dawo. Na manna kunci, na ji kamar ya yi, na ce, "Baba, taɓa ka ji mini."

Ya harɗe hannuwansa ta baya. "Ginin wa?"

"Nawa."

"To, kuncin wa kake jira?"

Haushi ya kama ni, na ce a hau. Haka muka yi har aka rufe, bai ƙara taɓa bangon nan ba.

Ranar da ruwan farko ya sauko da la'asar, irin mai iskar nan, kowa ya tsaya nesa yana kallon soron ko zai rufta, ni ma ina cikinsu. Sai ga Baba a jiƙe jagab. Ya wuce mu, ya shiga, ya shimfiɗa buzunsa daidai ƙarƙashin bakan da bai sake gwadawa ba, ya zauna ya ɓare goro. Ko ɗaga kai bai yi ya dubi rufin ba.

"Ɗan nan," ya ƙwala mini, "shigo mana, ruwa na dukanka."