Aska a Hannu Mai Rawa

Kawu, ƙanen mahaifiyata, wanzami ne ɗan wanzami. Kafin Nasara su ɗauke shi soja, duk jaririn da aka haifa a unguwarmu ta Magariya, shi ko mahaifinsa ke yi masa askin suna.

Ya dawo daga yaƙin Nasara da ƙafafunsa da hannuwansa, aka yi ta barka. Sai daga baya muka gane abin da ya biyo shi. A can ya koyi shan jar giyarsu, ga shi kuma a bayan filin awon gyaɗa akwai wani gida da ake sayar da ita ga direbobi da tsofaffin sojoji. Lokacin ina lakwal, wato makarantar boko, cikin ƴan mata ƙalilan da aka rubuta. Kowace safiya Inna kan ba ni koko in kai masa kafin in wuce. Ba na iya kallon fuskar babba, saboda haka hannunsa na fi sani. Da hannu biyu yake karɓar ƙwaryar, amma duk da haka sai kokon ya zubo masa a yatsu.

Wata ranar kasuwa ya yanki kunnen wani falke da ya zo daga Dungas, jini ya ɓata wa mutumin riga. Sarkin Aska, shugaban wanzaman gari, ya zo da kansa ya ɗauke zabirar Kawu, jakar fatar da askake da ƙahonni ke ciki, ya tafi da ita ya rataye a ɗakinsa. Yara suka fara bin Kawu a hanya suna ƙamewa irin ta soja. Matarsa ta tafi ganin gida, ba ta dawo ba.

Inna na da ciki a lokacin. Na ji Baba yana ce mata, "In kin sauka lafiya, wani wanzamin zan kira. Ba zan sa kan ɗana a ƙarƙashin hannun nan ba." Inna ta ci gaba da tsintar wakenta. Amma a kira baƙon wanzami gidan ƴar wanzamai, ga ƙanenta da rai a gari, daidai yake da a yi shelar ya mutu.

Wata safiya na kai koko, na tarar da limamin unguwarmu zaune a tabarma a ƙofar ɗakin Kawu, ya tuɓe rawani ya ajiye a cinya. Sarkin Aska na gefe riƙe da zabirar.

"Fito, ɗan nan," in ji liman. "Suma ta dame ni."

Kawu ya fito yana kare ido daga rana. "Allah gafarta Malam, ai ka ji abin da na yi wa falke."

"Na ji. Kunne biyu gare ni. Ka bar mini guda in ji kiran salla."

Sarkin Aska ya matso kusa da bakin Kawu ya shaƙa, sannan ya miƙa masa aska. Ran nan sai da aka danna auduga a wurare da dama a kan liman. Bai ko motsa ba. Da aka gama ya shafa kansa ya ce, "Gobe mai goro zai zo. Shi kansa kamar tulu yake, akwai filin koyo."

Ashe dattawan sun shirya abin tun a masallaci. Kowace safiya bayan asuba ɗayansu zai kawo kansa, ko gemu, ko gyaran fuska. Wanda zai riƙe aska da sassafe kuwa, dole ya kwana bai sha ba, don hancin Sarkin Aska ba ya kuskure. Da yamma kuma ba sa barinsa shi kaɗai. Maƙeri ya ja shi zuga zugazugi, ko mai goro ya zaunar da shi yayyafa wa huhun goro ruwa, har lokacin da ake taruwa a gidan giyar can ya wuce. Ba wanda ya yi masa wa'azi a gabana. Kwanakin farko ya yi ta gumi da amai, tsohuwar maƙwabciyarmu tana dafa masa kunun tsamiya. Dattawan unguwarmu suka koma masu ƙwalƙwal, kowa da ɗan tabonsa. Da suma ta ƙare a unguwa, sai suka riƙa tare ƴan garin Yekuwa masu zuwa kasuwa suna ce musu akwai askin sadaka.

Ana cikin haka abokansa na soja suka zo gari, ya bi su. Washegari maƙeri ke da layi. Ya jiƙa kansa ya zauna a tabarmar, Kawu na ciki bai fito ba. Na wuce lakwal. Da aka tashe mu cin abinci na biyo ta wurin, maƙeri na nan zaune, rana ta bar tabarmar ba inuwa, maƙerarsa kuma a rufe, manoma na jiran gyaran hauya. Sai ga Kawu ya fito, ya durƙusa a gabansa, kafaɗunsa na girgiza.

"Ba kuka na zo ji ba," in ji maƙeri. "Yau ba za a ba ka aska ba. Gobe ma ni ne."

Inna ta haifi namiji bayan an gama sayen gyaɗa. Har jajiberin suna Baba bai ce ga wanzamin da zai kira ba. Da safe, bayan an raɗa suna an yanka rago, Kawu na tsaye can bayan mutane. Baba ya tuɓe hularsa ya zauna a tabarmar zaure.

"Wanzam, zo ka fara da ni. In ka yanke ni, yayarka za ta biya."

Zauren ya yi tsit, ba a jin komai sai ƙarar aska a kan suma. Da ya gama, Baba ya shafa kansa daga goshi har ƙeya, ya duba tafin hannunsa. Ba jini. Ya ce a kawo yaron.

Ungozoma ta zauna da jaririn a cinya. Ina laɓe a bayanta, ina ganin komai. Kawu ya jiƙa sumar da ruwan ɗumi, ya aske ƙeya, ya aske gefen kunnuwa, a hankali, yana riƙe numfashi. Saura tsakar kai, wajen maɗiga, inda fatar ke ɗagawa tana sauka. Ya ɗora aska kusa da wurin. Na ga bakin askar ya yi ɗan motsi, kaɗan ƙwarai, wanda ba na tsammanin wani ya gani. Ya daɗe a haka. Sannan ya janye hannu, ya juya askar, ya miƙa wa Sarkin Aska ta wajen ƙota.

"Sarki, ƙarasa. Nan wurin ban isa ba tukuna."

Sarkin Aska ya karɓa ya ƙarasa. Da aka zo rabon naman suna, aka ajiye kason wanzami a gaban tsohon, sai ya tura shi gefe da bayan hannu.

"Ni taya aiki na yi. Wanzamin gidan nan ga shi can."

Baba ya ɗauki kason da kansa ya kai wa Kawu. Na shiga ciki na tarar da Inna zaune a bakin gado, ta riga ta ji. Ta karɓi jaririn daga hannun ungozoma, ta daɗe tana duba bayan kunnuwansa. Sannan ta ce in je in gaya wa Kawu ya shigo, yayarsa na kira.