Ɗigon Jan Farce a Ƙarfen Dama

Shekara arba'in da uku Mu'allim Shafiƙ ya yi yana gyaran birki a Bahamdun. A garin da duk wanda zai je Bairut sai ya gangara dutse na rabin awa, wanda ya iya birki ba abin rainawa ba ne, ko da bakinsa ba shi da daɗi. Na Shafiƙ kuwa ba shi da shi. Garejinsa na ƙarƙashin gidansa, mota ɗaya yake ci, kuma bai taɓa ɗaukar ma'aikaci ba, wai duk hannunsu na kashi ne.

Amma aikin birki na mutum biyu ne. Idan an sa sabon ƙarfe, sai an fitar da iskar da ta shiga cikin man birki: ɗaya yana cikin mota yana takawa, ɗaya yana ƙasa yana kwance ɗan notin da iska ke fita ta nan. Na biyun Shafiƙ matarsa ce, Wadad. Idan ya buga sufana a bututun ruwa sau biyu, sai ta rage wutar girki ta sauko da silifas ɗinta, ta shiga motar ko ta wane ce. Shi kuma daga ƙasa ya ce, "Taka. Riƙe. Saki." Maƙwabta sukan ce hirar auren ke nan gaba ɗaya, kuma ba su yi ƙarya sosai ba.

Akwai wani aikin nata da ba wanda ya sani. Shafiƙ bahago aka haife shi, malamin firamare ya yi ta kaɗa masa rula har ya koma rubutu da dama, sai ya tashi ba ya bambanta dama da hagu in ba ya tsaya ya yi tunani ba. Wadad ta gane tun shekarar farko ta aurensu. Ba ta yi masa dariya ba, ba ta ma ɗaga maganar ba. Duk kwalin kayan da aka kawo, ita ke fara buɗewa, ta ɗiga jan farcenta a jikin na dama, ta mayar ta rufe. Shekaru suka yi yawa har hannunsa ya riƙa bin ɗigon shi kaɗai, shi kuma ya manta cewa wani ne ke sa shi.

Ta rasu a watan Fabrairu, bayan kwana tara a asibiti. Shafiƙ bai yi kuka ba. Mutane suka ce ƙarfin hali ne, alhali babu wani hali a ciki, ba ya jin komai ne kawai. Yakan ci gurasa da zaitun don an ajiye masa, ya sha gahawa bai san ta huce ba. Kwana uku da gama zaman makoki ya ɗaga ƙofar gareji, don bai san inda kuma zai tsaya ba.

'Yarsu Lamis, wadda ke aikin kantin magani a Bairut, ta kafe kan lallai ya rufe garejin ya koma wurinta. Ta ma gyara masa ɗaki.

"Baba, shekarunka sittin da takwas. Wa zai taka maka?"

"Ƙafa ce ta ƙare a garin?"

"To wa zai dafa maka?"

"Ranar da mota ta fita daga nan da birki marar kyau, ki zo ki ɗauke ni," in ji shi. "Kafin nan ki bar ni."

Ana cikin haka Dakta Adib ya kawo jar motarsa. Tsohon likitan haƙori ne, motar kuma 'yar ƙarama ce mai ƙofa biyu ƙirar Italiya, ta girmi Lamis, ta tsallake yaƙin basasar ƙasar a ɓoye cikin rumbun wani ɗan'uwansa. Duk Lahadi yakan sa hular fata ya gangara da ita bakin teku, birkin gaba na wari kafin ya kai rabin hanya. Yanzu ɗansa ya aiko masa da sababbin kalifa, wato ƙarafan da ke damƙe faifan taya, manya masu fistin huɗu a maimakon biyu.

"Ka sa min su, Mu'allim. Ina so in mutu a gadona."

"Da ka rage gudu da ka huta da wannan duka, ɗan saurayi."

"Kai dai ka sa. Ni zan taka maka."

Shafiƙ ya ɗaga motar, ya cire tsofaffin, ya wanke faifan, ya ɗaura sababbin, ya ja kowane noti daidai ƙarfinsa. Kwana ɗaya aikin ya ci. Likita ya shiga ya taka. Birkin ya nutse kamar an taka soso. Suka sake, suka kuma sake. Kwana uku suna yi, gwangwanin mai biyar suka ƙare, birki bai yi tauri ba.

"Ƙafarka ce, Dakta. Takawa kake kamar mai tsoron tashin maƙwabta."

"Ƙafata ce yau? To, na ji. Sai ka nemo wadda ta iya."

Likitan na faɗa ya gane abin da ya faɗa. Ya cire hularsa ya riƙe a hannu, ya ce zai dawo Litinin. Shafiƙ bai ji zafin maganar ba. Ya lura dai cewa ya kamata ya ji.

Ranar Asabar da hantsi Lamis ta hau dutse da tukunyar dafaffen wake. Ta same shi zaune kan taya a gaban motar, hannu biyu a kan gwiwa. Ta ajiye tukunyar, ta tsuguna ta leƙa sabon ƙarfen, ba don ta san aikin ba, sai don kada su yi ta zama shiru.

"Wannan kamfanin ba sa sa ɗigo?"

"Wane ɗigo?"

"Jan nan. Tun ina ƙarama nake ganinsa a jikin kayanka."

Shafiƙ ya dube ta, sannan ya dubi ƙarfen. Ɗan notin fitar da iska yana can ƙasa. Ya zagaya ɗaya gefen, nan ma ƙasa. Ya sa na dama a hagu, na hagu a dama. Iska sama take taruwa, noti kuma a sama ya kamata ya zauna. Shi ya koya wa rabin makanikan dutsen nan wannan doka, yana haɗawa da zagi. Kwana uku yana kwance notin da hannunsa, bai gani ba. Da likita ya gaji ya ce a ba shi haka nan, da ya gangara da ita gobe.

Ya jawo aljihun teburin aiki. 'Yar kwalbar jan farcen Wadad na nan bayan tsummoki. Ya murɗa murfin da ƙyar, abin da ke ciki ya bushe ya zama dutse. Lamis ta ga kwalbar, ta gane, ta juya baya ta rufe bakinta da hannu. Shi kuwa ya tsaya yana jira ko wani abu zai motsa a ƙirjinsa. Babu abin da ya motsa, kuma wannan ne ya ba shi tsoro.

Ya cire su ya sauya. Awa biyu ya yi. Da ya gama ya goge hannu.

"Motar ba ta fita ba, Baba," in ji Lamis a hankali. "Sharaɗin da ka kafa bai cika ba."

"Ke kika gani, ba ni ba. Ɗakin nan da kika gyara min, yana da taga?"

"Yana da ita."

"To. Shiga ki taka min, mu gama wa mutum aikinsa."

Ta cire takalminta mai tsini ta shiga. Ya kwanta a ƙasa, ya sa sufana.

"Taka. Riƙe."

Iska ta fito da kumfa, sannan mai ya biyo baya tsaf. Ya ɗaure notin. Suka yi ɗaya gefen, birki ya fara tauri a ƙarƙashin ƙafarta.

"Taka," ya ce. "Riƙe."

Ta riƙe. Ta ji ya ɗaure notin, ta ji ya ajiye sufana a siminti. Saura kalma ɗaya, "Saki," ta ƙarshen aikin, kuma ba ta zo ba. Ƙafarta ta fara gajiya. Ta tagar motar ba ta ganin komai nasa sai takalmansa biyu, amma tana jin numfashinsa ya canza, ya koma na mai kuka. Waken ya huce a kan tebur. Lamis ta sa hannu biyu ta danne gwiwarta, ta ci gaba da riƙewa.